Mene ne “sharjin gas” a kilim?

Da zarar watan Maris ya kama a Garwa, Marwa ko Kuseri, zafi ya haura digiri 40, magana ɗaya ce a bakin masu kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki: “Gas ya ƙare, sai an yi sharji.” Daga Faransanci muka aro kalmar, kuma da ita ɗin muke cewa a sa wa waya wuta ko a zuba mata kuɗin kira. Wannan zaman tare shi ya ɓata mata ma'ana. Mutum ya saba ganin batir yana cika yana sauka, sai ya ɗauka kilim ma haka take, tana shan gas kamar yadda babur ke shan mai, duk shekara sai an ƙara mata. Alhali kilim mai lafiya ba ta cin gas ko giram ɗaya.

Kilim ɗin da muke kira sifilit gida biyu ce. Akwai ta ciki, manne a bango tana hura sanyi, akwai akwatin waje mai fanka da kwamfiresa. Bututu biyu na jan ƙarfe suka haɗa su, siriri da mai kauri. Gas ɗin yana shiga ɗaki ta siririn yana ruwa-ruwa, ya tafasa a can ya kwashi zafin ɗakin, ya dawo ta mai kaurin yana tururi, kwamfiresa ta matse shi, fanka ta kore zafin a waje, ya sake zama ruwa ya koma. Dabarar randa ce: ruwan da ke tsattsafowa ya bushe a jikinta shi ke tafiya da zafi. Sai dai na randa iska ke kwashe shi, dole a ƙara. Na kilim a kulle yake, ba shi da ƙofar fita. In ya ragu, to wani wuri ya huje.

Ma'anar sharji ta gaskiya ita ce zuba wa na'ura irin gas ɗin da kamfani ya rubuta mata, daidai nauyin da ya rubuta. Je ka duba gefen akwatin waje, za ka ga ɗan allo mai ɗauke da sunan gas ɗin da nauyinsa a giram. Sabuwar kilim kuwa da gas ɗinta take zuwa, a ɗure cikin akwatin waje, bawul biyu na tsare da shi, kuma yawanci ya ishi bututu mai tsawon mita 5. Wanda ya kafa maka sabuwa da gajeren bututu ya ce ka kawo kuɗin gas, tambaye shi ina wanda ta zo da shi ya tafi. Sai in bututun ya zarce haka, kamar an kai akwatin bayan gida ko saman bene, ake ƙari, kuma littafin na'urar ya faɗi giram nawa ne kowace mita. A ƙananan na gida yakan kama 15 zuwa 20.

Aikin da ya fi sharjin muhimmanci shi ne wanda ke zuwa kafinsa, kuma shi aka fi tsallakewa. Masu sana'ar na ce masa “tiraj o bid”, wato zuƙe iska. Bututun da aka yanko aka haɗa cike suke da iskar gari da laimarta, dole a fitar da su kafin a saki gas.

A kaina na koyi wannan. Na sayo kilim mai doki ɗaya da rabi don ɗakin mahaifiyata a Garwa, wani matashi ya zo kafawa da jaka ɗaya a kafaɗa. Ya gama ɗaure bututu, ya sassauta noti ɗaya, ya buɗe bawul, gas ya yi ta tsiii yana ƙirge da yatsa, sai ya ɗaure. Ya ce, “Baba, shi ke nan, gas ya kori iska.” Sanyi kuwa ya fito, na biya har da na shayi. Bazarar da ta biyo baya, tsohuwa ta koma kwana tsakar gida da maficinta.

Na biyun da na kira dattijo ne, da yaronsa ɗauke da famfon zuƙar iska da sikeli. Bai taɓa tukunyar gas ba tukuna. Ya shafa yatsa a ƙarƙashin notin siririn bututu, ya nuna mini: maiƙo baƙi, ƙura ta manne masa. “Alhaji, ga ɓarawonka. Inda gas ya bi, mai na binsa.” Ya kwance notin, sai ga bakin bututun, wanda ake buɗawa kamar bakin kakaki don ya zauna daram, ya tsage a gefe ɗaya saboda an ɗaure shi fiye da kima. Na ce ya ƙara gas kawai mana. Ya yi dariya ya ce, “In na zuba yau, kafin kaka ka sake kirana. Ni riba ce, kai fa?”

Ya yanke bakin ya sake buɗa sabo, ya ɗaure, ya jona famfo a bakin awo da ke kan bawul ɗin bututu mai kauri. Allurar agogon awo ta sauka ƙasa da sifili cikin ɗan lokaci, na zaci an gama, amma ya bar famfon yana ta gunji fiye da rabin sa'a. Littattafan ƙananan na'urori sukan ce aƙalla minti 15, tawa kuwa ta daɗe da iska a cikinta. Dalilin jiran shi ne, in matsin iska ya yi ƙasa sosai ruwa yakan tafasa ko ba wuta, to laimar da ke jikin bututu sai ta zama tururi famfo ya ja ta. Daga nan ya rufe, ya kashe famfo, muka zauna muna kallon allura. Da ta motsa sama, akwai sauran huji. Ba ta motsa ba.

Me iskar da laimar ke yi in an bar su? Iska ba ta komawa ruwa kamar gas, sai ta taru a akwatin waje ta ɗaga matsi, kwamfiresa ta riƙa aiki da zafi tana cin wuta. Laima ta fi muni. Takan daskare a ɗan siririn maƙogwaron da gas ke bi ta toshe shi, sannan man da ke cikin sababbin kwamfiresa yana shan ruwa kamar auduga, in ya sha ya zama asid mai cin rufin wayoyin inji a hankali. Ba a ranar ake gani ba, shi ya sa mai korar iska da gas ke wucewa da sunan gwani. Wanda aka kafa wa tasa a watan Agusta kusa da kogin Binuwai, lokacin da iska ta yi nauyi da ruwa, ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Sai bayan duk wannan dattijon ya ɗora tukunya a sikeli, ya kifa ta, ya zuba adadin da ke rubuce a allon. Kifawar ma da dalili. R410A, mai tukunya ruwan hoda, haɗin gas biyu ne rabi da rabi, don haka a ruwansa ake zuba shi kar haɗin ya karkace. R22, mai koriyar tukunya, shi ne na tsofaffin na'urori. Yana cikin waɗanda ke lalata rufin ozon, wanda ke tare wa duniya hasken rana mai cutarwa, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ƙasashe masu tasowa irin Kamaru da Chadi sun ɗauki alkawarin rabuwa da irinsa kusan gaba ɗaya nan da 2030. R32 na sababbi ne, yana iya kama wuta kaɗan, ba a walda kusa da shi a rufaffen wuri. Ba a cakuɗa su, ba a musanya wani da wani, domin matsinsu da man da suke tafiya da shi ba ɗaya ba ne. In kuma za a gwada huji da matsi, da azot, wato iskar nitrojin, ake yi. Iskar oksijin ta masu walda in ta haɗu da man kwamfiresa fashewa take, ta kashe mutane.

Masu zubawa da ido, suna kallon allura har ta kai inda suka saba, suna manta cewa allura na bin zafin rana. Abin da za ta nuna da hantsi daban, da azahar ɗin watan Afrilu a Njamena daban, balle a na'ura mai inbata wadda kwamfiresarta ke sauya gudu. Gas in ya yi yawa ma illa ne, ruwansa kan koma cikin kwamfiresa ya karya ta.

Sau da yawa kuma gas ɗin lafiyarsa lau. Ƙurar hunturu ce ta like haƙarƙarin akwatin waje, ko an manna shi a bangon yamma rana na dukansa, ko an matse shi a lungu yana shaƙar zafin da ya fitar. Wata na'urar ma tun asali ba ta ƙasarmu ba ce: mai alamar T1 an yi ta don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 ce ke jure har 52. Dattijon nan, kafin ya tafi, sai da ya sa yaronsa ya kashe wuta ya wanke bayan akwatin da ruwa. Abin da ya gangaro bango ja ne kamar kunun kanwa.