Mene ne fataucin yara, kuma me iyaye za su yi idan ɗansu ya ɓace?

Da an ce fataucin yara, sai hankali ya tafi ga ɓarawon da ya tusa yaro a mota ya ƙetare iyaka da shi. Ma'anar da doka ta ba kalmar ta fi haka faɗi, kuma rashin sanin hakan ne ke hana iyaye da yawa kai ƙara.

Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan fataucin mutane, da dokar Nijar mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga Disamba 2010, suna duba abu uku idan wanda aka cuta baligi ne: an ɗauke shi ko an ajiye shi, ta hanyar tilas ko yaudara, don a ci da guminsa. Idan kuwa bai kai shekara 18 ba, ba a neman shaidar tilas ko yaudara. Ɗaukarsa da niyyar ci da guminsa ya wadatar, ko da ya bi da ƙafarsa, ko da ubansa ne ya sa masa albarka a tasha. Ba dole a fita ƙasa ba: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauyen Buza zuwa aikatau a Yamai, aka hana ta komawa, wata ke karɓe albashinta, lamarinta yana iya shiga wannan babi. Hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne idan yaro aka cuta. Dokar 2015-36 da aka soke a Nuwamba 2023 ta safarar baƙin haure ce, ta 2010 kan fataucin mutane kuwa tana nan.

A jihar Tahoua mun san fuskar da ta fi muni, wato wahaya: a sayi yarinya a ajiye ta bayan mata huɗu, ba ɗaurin aure, ba sadaki, ba gado. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita kan sefa dubu 240 a 1996. A 2008 kotun CEDEAO ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10. Akwai kuma kai yara bara Aljeriya, hanyar da ta ci rai 92 a hamada a Oktoba 2013, 52 daga cikinsu yara.

Idan yaro ya ɓace, kada a ce bari a kwana a gani. A je komisariya ko wurin jandarma a ranar, ko a kira lambar 'yan sanda, 17. A riƙe hotonsa na kwanan nan da takardar haihuwa, domin ita ce ke tabbatar da bai kai 18 ba. In babu, a nemi ta kotu mai maye gurbinta. A faɗi kayan da ke jikinsa, tabo ko shasshawa, harshen da yake ji, da wanda aka gan shi tare da shi na ƙarshe. Nan ne iyaye ke yin tuntuɓe: sau da yawa mai ɗaukar yaron kawu ne, ko maƙwabciya, ko wani da ya yi alƙawarin karatu, sai kunyar zumunci ta sa a ɓoye sunansa. Ɓoye sunan nan kwanaki yake ƙara masa a hanya. A lokaci guda wani ya kewaya tashoshin mota da hoton, a gaya wa mai gari da limami. In ana zaton an ƙetare iyaka ta Konni ko Agadas, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge na neman dangin da suka rabu, kuma kyauta ne.

Cigiya a rediyo da Facebook da WhatsApp tana amfani, amma a sa lambar waya ɗaya ta babban mutum mai natsuwa, kuma a riƙe wata alama ta jikin yaron ba a bayyana ta ba. 'Yan damfara na kira su ce yana hannunsu, a turo kuɗin mota. Wanda ya kasa faɗin alamar, ko ya ƙi bari a ji muryar yaron, kada a tura masa ko dala. A kai lambarsa wurin 'yan sanda.

Maƙwabta, ku yi wa gidan girki, ku kula da ƙannensa, ku raka uwar ofis. "Ina kike har ya fita?" ba tambayar yi ba ce a wannan lokaci.

Ranar da aka same shi, likita za a fara nufa. Idan akwai zargin fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma takardar likita za ta zama shaida gaban alƙali. Kada a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa kafin a duba shi. Kada a taru a kansa da tambayoyi, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya saurare shi. A goge cigiyar daga intanet, a roƙi waɗanda suka yaɗa ta su ma su goge, musamman in yarinya ce, domin hoton kan bi ta har lokacin aurenta.