Emanuel Tov

Emanuel Tov masani ne ɗan ƙasar Isra'ila da ya yi fice a binciken nassin littattafan Ibraniyawa, waɗanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari. An haife shi a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ranar 15 ga Satumba, 1941. Yana jariri ya rasa iyayensa a kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ya tashi maraya a hannun dangi. Ya koma Isra'ila a 1961, ya yi karatu a Jami'ar Ibrananci da ke Kudus da kuma Harvard ta Amurka, ya samu digirin digirgir a 1973.

Aikinsa shi ne jera tsofaffin kwafe-kwafe gefe da gefe, a ga inda suka saɓa da dalilin saɓanin. Littafin Irmiya ne ya fi fito da ƙwarewarsa. A tsohuwar fassarar Girkanci da ake kira Septuagint, littafin ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin bakwai, kuma annabce-annabcen da aka yi kan al'ummai suna tsakiyarsa, alhali a Ibrananci sun zo a ƙarshe, sura ta 46 zuwa 51. An daɗe ana zargin mai fassara da yanke nassi. To amma a kogo na huɗu na Kumran, wani wuri da ke gab da Tekun Gishiri, an tsinci guntayen fata da ke ɗauke da gajeren Irmiya cikin Ibrananci. Tov ya kafa hujja cewa bugu biyu ne na littafin, gajeren ya riga, dogon ya biyo baya da ƙari. Ashe mai fassara abin da ke gabansa ya fassara.

A 1990 aka naɗa shi babban editan aikin buga naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, wato tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a kogwannin Kumran daga 1947 zuwa 1956. Ya tarar da aikin yana tafiyar hawainiya, masana na ta ƙorafin an hana su ganin rubuce-rubucen. Ya faɗaɗa tawagar editoci, kuma a hannunsa aka fitar da fiye da juzu'i 30 a maɗaba'ar Oxford. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga ɗaliban fannin.

Littafinsa Textual Criticism of the Hebrew Bible, wanda ya fito da Turanci a 1992, har yau ana koyarwa da shi a jami'o'i. Ya karɓi Lambar Yabo ta Isra'ila a 2009, shekarar da ya yi ritaya.