Ƙimar gaskiya ta kadarori da basussukan kuɗi

Ƙimar gaskiya, a harshen akantoci, ita ce kuɗin da kamfani zai samu idan ya sayar da wata kadara, ko kuɗin da zai biya domin wani ya ɗauke masa wani bashi, a cinikin da aka yi cikin natsuwa tsakanin 'yan kasuwa a ranar da ake auna ƙimar. Ba a duba abin da kamfanin ya biya ranar da ya saya, kuma ba a duba niyyarsa ta riƙe kadarar ko rabuwa da ita. Farashin gwanjo, ko na wanda bashi ya shaƙe ya karyar da kaya, ba ya shiga wannan ma'ana. An fi amfani da ita wajen hannun jari da takardun lamuni da yarjejeniyoyin da ƙimarsu ke bin farashin wani abu, kamar canjin kuɗi ko ɗanyen mai. Ƙa'idoji biyu ne ke tafiyar da ita a yau: IFRS 13 ta hukumar IASB da ke Landan, mai tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, da ASC 820 ta takwararta FASB ta Amurka.

Tarihi

Tunanin ya girmi ƙa'idojin nesa ba kusa ba. A fiƙihun Malikiyya, ɗan kasuwar da ke jujjuya hajarsa kullum yakan yi wa kayansa kuɗi da farashin ranar da shekara ta zagayo kafin ya fitar da zakka, ko nawa ya saro su.

A lissafin kamfanoni na zamani kuwa, an daɗe ana kai da komo. A shekarun 1920 kamfanonin Amurka da dama sun riƙa ɗaga ƙimar kadarorinsu a takarda yadda suka ga dama. Bayan rushewar kasuwar hannun jari a 1929, hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jarin Amurka, wadda aka kafa a 1934, ta tsaya kai da fata a kan a riƙa rubuta kadara da kuɗin da aka saye ta, domin shi ne ke da rasit. A 1938 hukumomin da ke sa ido a kan bankunan ƙasar suka daina auna takardun lamuni masu inganci da farashin kasuwa. Haka aka tafi kusan shekara hamsin.

Abin da ya juya akalar shi ne rikicin bankunan ajiya da bashin gidaje a shekarun 1980. Waɗannan bankuna sun ba da bashi na dogon zango da ƙaramin ruwa, sai kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, ƙimar basussukan ta zube, amma littattafansu na nuna lafiya lau. Daga nan FASB ta fara sauya hanya: a 1991 ta wajabta bayyana ƙimar gaskiya a bayanan da ke rakiyar rahoton kuɗi, a 1993 ta fitar da ƙa'ida mai lamba 115 da ta sa a riƙa rubuta wasu takardun jari da ƙimar gaskiya a cikin rahoton kansa. A matakin duniya, ƙa'idar IAS 39 kan auna kadarori da basussukan kuɗi ta fito a ƙarshen 1998.

Kamfanin makamashi na Amurka, Enron, ya ɓata wa tsarin suna. A farkon 1992 SEC ta amince masa ya auna kwangilolin iskar gas da farashin kasuwa, shi kuma ya riƙa rubuta ribar shekaru masu zuwa a rana guda bisa hasashensa na kansa, har ya durƙushe a Disamba 2001. A Satumba 2006 FASB ta fitar da ƙa'ida mai lamba 157, wadda ta tattara ma'ana ɗaya da matakai uku. IASB ta biyo baya da IFRS 13 a Mayu 2011, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2013. Ƙa'idojin biyu kusan abu ɗaya suke faɗa.

Matakai uku

Ana jera bayanan da ake auna ƙima da su bisa yadda kowa zai iya ganinsu da idonsa. Mataki na 1 shi ne farashin da aka buga a kasuwa mai ci, na kadara iri ɗaya sak. Wanda ke riƙe da hannun jarin kamfanin da ake cinikinsa kullum zai ninka farashin ranar da yawan abin da ke hannunsa, shi ke nan. Ko da tarinsa ya yi yawan da in ya zuba shi kasuwa farashi zai faɗi, ba a yarda ya yi ragi ba. La'adar dillali ma ba a cire ta daga ƙimar. Inda aka sami tazara tsakanin tayin mai saye da kuɗin da mai kaya ya sa, sai a ɗauki abin da ya fi dacewa a tsakaninsu.

Mataki na 2 ya ƙunshi bayanan da ake gani a kasuwa amma ba na kadarar kanta kai tsaye ba, kamar farashin makamanciyarta ko kuɗin ruwan da ake bayarwa a kan lamuni mai wa'adi irin nata.

Mataki na 3 shi ne inda babu kasuwa, sai ƙiyasin kamfani: jari a kamfanin da ba a cinikin hannun jarinsa, ko takardar da aka daɗe ba a taya ta ba. Nan ne masu binciken asusu suka fi shan wahala, kuma nan ne ƙa'ida ta fi tsananta bayani, har da nuna yadda adadin ya motsa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Idan aka haɗa bayanai daga matakai daban-daban, ana lissafa awon a matakin da ya fi ƙasa cikin waɗanda ke da tasiri.

Hanyoyin awo

Hanyoyi uku ne: kwatanta da cinikin kasuwa, duba kuɗin maye gurbin kadara, da mayar da kuɗin da za su shigo nan gaba zuwa darajarsu ta yau. Ana yawan amfani da ta ukun a kadarorin kuɗi. Misali, banki na riƙe da takardar lamuni ta naira 1,000,000 mai ruwan kashi 10 cikin 100, saura shekara guda a biya shi naira 1,100,000. Idan sababbin takardu irinta suka koma ba da kashi 20, babu mai taya tsohuwar da miliyan. Sai a raba 1,100,000 da 1.2, a sami kusan naira 916,667. Bankin ya yi asarar fiye da naira 83,000 a takarda, alhali wanda ake bi bai ƙi biyan ko sisi ba. Ga yarjejeniyoyin zaɓin saye ko sayarwa, ana yawan dogara da lissafin da masana Black da Scholes suka fitar a 1973.

Bashin da ake bin kamfani

A nan akwai wani abin mamaki. Kamfanin da ya fara tangal-tangal, takardun bashinsa kan karye a kasuwa, don haka ƙimar gaskiyar bashin takan ragu, ragin kuma ya fito kamar riba. Wasu manyan bankuna sun rubuta irin wannan riba a 2008 da bayanta. IFRS 9, wadda ta maye gurbin IAS 39 ta fara aiki a 2018, ta fitar da wannan ɓangare daga lissafin riba da asara a mafi yawan lokuta.

Saɓani

A rikicin kuɗi na duniya na 2008 masu suka sun ce tsarin ya tilasta wa bankuna rubuta asara da farashin kasuwar da ta mutu. Magoya baya suka ce ya nuna ɓarnar da ke nan ne kawai. Rahoton SEC na Disamba 2008 ya ba da shawarar kada a dakatar da shi, FASB kuma ta sassauta jagorarta a Afrilu 2009. Muhawarar ta dawo a Maris 2023 da faɗuwar bankin Silicon Valley Bank na Amurka, wanda ke da asarar kusan dala biliyan 15 a takardun da ya rubuta da kuɗin saye.

A Najeriya

Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari sun koma ƙa'idojin IFRS daga Janairu 2012, ƙarƙashin hukumar kula da rahoton kuɗi da dokar 2011 ta kafa.