Ma'anar "fireshan mai" ga wanda zai sauya wa motarsa inji

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu tsofaffin motoci a Kaduna suka shiga lissafin sauke inji mai zuƙar mai su ɗora ɗan Beljiyam mai tattali. Fijo 504 da 505 irin waɗanda aka harhaɗa a kamfanin PAN da ke Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975, da yawansu bodi na nan garau, inji ne ya gaji. Duk wanda ya shiga Panteka da irin wannan aiki zai ji bakanike ya ce masa, "Alhaji, inji lafiya lau yake, fireshan mai ne bai kai ba."

Fireshan mai shi ne ƙarfin da famfon mai ke ingizo fetur da shi daga tanki zuwa inji. Ana auna shi da bar ko psi, kuma bar ɗaya ya kai kimanin psi 14.5. Kowane inji da nasa adadin da aka ƙera shi a kai, kuma a nan ne aikin sauya inji ya fi lalacewa, musamman in an sauke injin kafireto an ɗora na injekta.

Injin kafireto ba ya son ƙarfi. A cikin kafireto akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da fulot da allurar da ke toshe hanya idan ya cika, inji kuma da kansa yake zuƙa. Bar 0.2 zuwa 0.4 ya ishe shi, shi ya sa ɗan famfon da ke manne a gefen inji, wanda kamshaf ke kaɗawa, yake wadatar da shi. Injin injekta kuwa fesa mai yake yi ta bakin nozil, kuma kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke buɗe nozil ɗin na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Duk lissafinta ya ginu ne a kan cewa mai na zuwa da ƙarfin bar 3, a wasu injina har kusan 4. Wato kusan ninki goma na abin da kafireto ke so. In fireshan ya gaza, man da ke shiga bai kai ba: mota ta yi wuyar tashi, ta riƙa fizga, ta kasa jan jiki a hawan gadar Kawo, inji ya yi zafi, a ƙarshe bawul ko fistin ya ƙone. In kuma aka haɗa wa kafireto famfon injekta ba ragileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin man, a tsakani, allurar ba za ta iya tare shi ba, fetur ya malalo a kan inji mai zafi. Wannan gobara ce ake nema.

Firesha daban, yawan mai daban. Yawan ana auna shi da lita a awa ɗaya. Injin da ke ba da ƙarfin doki 150, in an take shi har ƙasa, yana shan kusan lita 50 a awa, don haka famfo ya zama yana ba da fiye da haka a daidai fireshan da injin ke aiki, domin duk famfo yawan da yake bayarwa raguwa yake yi idan firesha ta hau. Amma ban yarda da masu cewa a sayi mafi girma a huta ba. Famfon da ya yi wa inji yawa yana fin ƙarfin ragileta, yana dafa mai a tanki, yana kuma cin wuta a banza. A ganina, ranar da kake cinikin inji ka sa a haɗo maka da famfo da ragileta na irin motar da aka ciro shi, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru.

Sai ka duba bututun da nozil ke jere a jikinsa. In da ragileta a kai da tiyo biyu, injin na mayar da rarar mai tanki ne, dole a ja masa layi na biyu. In tiyo ɗaya ne, ragiletarsa na cikin tanki tare da famfo, kuma wanda ya baro ta a wurin mai sayarwa ya baro rabin kayan.

Tanki shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Tankin tsohuwar mota fili ne a ciki, mai na kai da kawo yadda ya so. Kafireto bai damu ba, tun da yana da ajiya a kofinsa. Injekta ba shi da ajiya: mai ya yi ƙasa, ka sha kwana a shataletale, fetur ya gudu gefe ɗaya, famfo ya zuƙi iska, nan take mota ta shaƙe. Shi ya sa tankin motar injekta ke da ɗan akwati a ciki da ke riƙe mai kewaye da bakin famfo. Mafita ita ce a samo tankin injekta da zai zauna, ko a dasa cikakken kan famfo a tsohon, ko a ƙara ɗan tanki na lita ɗaya ko biyu da kullum yake cike. In za a yi walda, a wanke tanki sosai a cika shi da ruwa, don tururin fetur a tankin da babu mai shi ke fashewa.

Famfon cikin tanki kamar sumo yake a rijiyar burtsatse: abin da yake turawa shi ke sanyaya shi, in ya ƙafe sai ya ƙone. Mai yawo da lita uku a zafin watan Afrilu ya san da wannan. Na waje kuma a ɗaura shi ƙasa, kusa da tanki, domin ya fi iya turawa a kan zuƙa. Ka sa a ciro ragar da ke bakin famfo ka gani da idonka. In ta yi ja da garin tsatsa, tankin ne ke ci, kuma sabon famfo ma ba zai daɗe ba. Tsohon tiyo da kilif ɗin kafireto ba sa ɗaukar bar 3, a sauya su. Mai wayarin kuma ya bi da wutar famfo ta rile da fiyus, birenbos na sarrafa ta, yadda in inji ya mutu a haɗari famfo zai tsaya. Haɗa shi kai tsaye da makulli ganganci ne.

Kafin ka karɓi mota, ka ce, "Oga, a ɗaura geji mu gani." An murɗa makulli, za ka ji famfo ya yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu, allura ta hau wajen bar 3. Inji mai layin mayarwa yakan sauko da kusan rabin bar idan yana silo, ya hau in an ba shi wuta. In an kashe kuma allura ta zube nan da nan, akwai inda ke yoyo, ko nozil, ko ragileta, ko bawul ɗin cikin famfon, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.