Dokar da ta kashe tashoshin nukiliyar Jamus ɗaya bayan ɗaya

Duk wanda ya jera alƙaluman wutar nukiliya na ƙasashe shekara bayan shekara, zai ga layin Jamus yana gangarowa kamar matakalar bene. Dalilin a rubuce yake cikin doka, har da ranakun rufewa.

Tun a 2002 gwamnatin Gerhard Schröder ta yi wa dokar nukiliyar ƙasar gyara: ba za a sake gina sabuwar tasha ba, waɗanda ke aiki kuma aka ƙayyade musu adadin wutar da za su samar kafin a rufe su. A 2010 gwamnatin Angela Merkel ta ƙara musu wa'adi. Ba a daɗe ba sai ga haɗarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, sai gwamnatin ta yi amai ta lashe.

Ranar 30 ga Yuni 2011 majalisar dokokin Jamus, wato Bundestag, ta amince da sabon gyara. Daga cikin injinan nukiliya 17 na ƙasar, takwas sun rasa lasisinsu da zarar gyaran ya fara aiki. Sauran tara kowanne aka yanka masa ranar ƙarshe, wadda ba za ta wuce ƙarshen 2022 ba. Nan ne ƙarfin dokar yake. A tsarin 2002, kamfani na iya jan ƙafa da rabonsa na wuta ya tsawaita rayuwar tasha. A na 2011 kuwa, rana na cika lasisi ya mutu, ko da injin lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa kason nukiliya a wutar Jamus ya sauko daga kusan kashi 22 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan kashi 6 a 2022.

Kamfanonin wuta sun kai ƙara. A 2016 kotun tsarin mulki ta ce dokar ta halasta, amma dole a biya diyya, kuma a 2021 aka daidaita kan kusan yuro biliyan 2.4. Yaƙin Yukiren ya tsadar da iskar gas, don haka aka ƙara wa tashoshi uku na ƙarshe, Isar 2 da Emsland da Neckarwestheim 2, 'yan watanni. An kashe su ranar 15 ga Afrilu 2023.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake haɗa wannan da Faransa a jadawali ɗaya ba tare da bayani ba. Ita ma Faransa, wadda ta daɗe tana sayen yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, wutarta ta nukiliya ta faɗi warwas a 2022, daga kusan tirawat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka samar) 360 a 2021 zuwa 279. Amma tsatsa da tsagewa aka gano a bututun wasu injina, aka dakatar da su don gyara. A 2023 ta haura zuwa 320. Dokarta ma akasin ta Jamus ta nufa: ta 2015 ta ce a rage kason nukiliya zuwa rabi, ta Yunin 2023 kuma ta soke wannan buri gaba ɗaya.

Japan kuwa ba ta samar da wutar nukiliya ko kaɗan a 2014 ba, saboda sabuwar hukumar sa ido tana tantance tashoshi, kuma sai a Agustan 2015 tashar Sendai ta dawo aiki.