Kukis ɗin Ot Mai Aisin a Kai: Tambayoyi da Amsoshi

Wai mene ne ot ɗin nan, kuma me ya bambanta kukis ɗinsa da sauran biskit?

Ot hatsi ne na ƙasashen sanyi, dangin alkama da sha'ir. Rasha da Kanada ne suka fi kowa noma shi. Mu a nan mun fi saninsa a gwangwanin Quaker, wanda ake damawa yara da marasa lafiya kamar kunu. Mutanen Sukotland sun daɗe suna gasa shi su yi wata 'yar gurasa busasshiya mara zaƙi. Da abin ya isa Amurka sai aka zuba masa bota da sukari da ƙwai da kirfa, ya zama kukis.

Bambancinsa da biskit ɗin kanti yana baki: gefensa na da ƙaras-ƙaras, tsakiyarsa kuma laushi da ɗan tauna. Bayansa kuma ba sumul yake ba, tsattsage yake da tudu da kwari. Wannan tsattsagewar ita ce kyansa duka, domin a kanta aisin, wato farin haɗin sukarin da ake yi wa kek ado da shi, yake zama ya fito da zane.

Na ga ot iri-iri a kanti. Wanne zan ɗauka?

Ki nemi wanda aka daddanne ya yi falle-falle mai faɗi. Akwai mai laushi sosai da ake damawa da ruwan zafi nan take, shi yana shanye ruwa da wuri, sai kukis ɗin ya yi kamar kek. Akwai kuma wanda aka datsa tsaba-tsaba ba a danne ba; wannan ba ya nuna a minti goma na gashi, haƙori zai sha wahala.

Idan kin samu mai faɗin, ki zuba a bilenda ki ɗan kunna ki kashe sau biyar ko shida. Ba gari ake so ba, ɓarzawa ce kawai, wani ya farfashe wani ya rage da girmansa. In kuma mai laushin kaɗai kika samu, to kada ki kai shi bilenda, ki yi amfani da shi haka nan.

Mene ne ma'aunin?

Da kofi ɗaya za ki auna komai, kada ki canja a tsakiya. Ot kofi 2, fulawa kofi 2, bota giram 225, sukari mai ruwan ƙasa kofi 1, farin sukari rabin kofi, ƙwai 2, bekin foda babban cokali 1, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, garin kirfa ƙaramin cokali 2, sai fileba ta banila ƙaramin cokali 1. Wannan zai ba ki kusan guda 30, gwargwadon girman da kika ɗiba. Mai son ƙamshi na iya ƙara ɗan garin citta ko kanumfari kaɗan ƙwarai, don ƙamshin kanumfari yana danne na sauran.

Kada ki ce za ki cire fulawa ki yi da ot zalla don ya fi gina jiki. Ot ba shi da danƙon da alkama ke da shi, fulawar ce ke riƙe kullun.

Sukari mai ruwan ƙasa yana da tsada, wani lokaci ma babu. Dole ne?

Dole ne a samu wani abu makamancinsa. Ruwan rake da ya rage a jikinsa shi ke jawo danshi ya sa kukis laushi, kuma ɗan tsamin da ke cikinsa ne ke tayar da bekin soda. In kika yi da farin sukari zalla, zai fito busasshe, fari fat, mai karyewa.

Amma ga mazarƙwaila, wadda ita ma daga rake take. Ki goge ta da magogi ko ki daka, ki tankaɗe saboda ɗan tsakuwa da ƙasa da kan shiga wajen yin ta. A ganina ma ta fi na kanti ƙamshi idan ta haɗu da kirfa.

Kukis ɗina yana bajewa a tire ya haɗe da juna. Ina matsalar?

Zafi ne, mafi yawan lokaci. Botar da ake so ita ce wadda ta yi laushi har yatsa zai lotsa ta, amma ba ta fara tsiyaya ba. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, minti kaɗan a kan tebur ya isa ta narke. Ki buga bota da sukari har su yi haske su ɗan kumbura, ki sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki zuba busassun kayan ki juya da muciya iya haɗuwa. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga yana sa tauri.

Daga nan ki rufe kullun ki sa a firij minti 30 zuwa 45. Wannan hutun aiki biyu yake yi: bota ta sake daskarewa, ot kuma ya jiƙa. In an ɗauke wuta, ki ɗora kwanon a cikin roba mai ƙanƙara ko ruwan randa mai sanyi. Sannan ki lura da tire: kada ki ɗora sabon kullu a kan wanda yanzu ya fito daga wuta. Ki ɗibi kullu babban cokali ɗaya da rabi, ki mulmula, ki ɗan danne, ki bar tazarar yatsu uku.

A oben, digiri 175 zuwa 180 ne, minti 10 zuwa 12. Ki fitar da zarar gefe ya yi ja alhali tsakiya na nan kamar ba ta gama ba. Za ta ƙarasa a kan tire.

Ba ni da oben. Na haƙura ke nan?

A'a. Babbar tukunya mai kauri, yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasanta, sai ƙananan duwatsu ko gwangwani uku da za ki ɗora faranti a kai. Ki rufe ta ɗauki zafi kamar minti 10 kafin ki sa. Matsalar tukunya ita ce ƙasa na ƙonewa sama bai nuna ba, don haka ki rage wutar ƙasa, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfi. Ki fara gwada guda biyu ki ga halin wutarki kafin ki zuba duka.

To aisin ɗin fa, yaya ake haɗa shi?

Aisin suga, wato niƙaƙƙen sukari mai laushin gari, kofi 2, ki tankaɗe, madara ta ruwa babban cokali 3, ɗigon fileba. Ki riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan, domin cokali ɗaya da ya wuce yana iya maida shi ruwa. Kaurin da ake nema shi ne irin na koko mai kauri: in kin ɗaga cokali, zaren da ya zubo ya ɗan tsaya a sama kafin ya nutse. Wasu suna sa lemun tsami maimakon madara, yana karya zaƙin, kuma ni na fi son haka.

In babu aisin suga, ki niƙa sukari kofi 1 da garin kwanfulawa babban cokali 1 a busasshiyar bilenda har ya yi laushi, ki tankaɗe sau biyu.

Wajen shafawa ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Ba a shafa shi da wuƙa, ba a kuma nutsa kukis ɗin. Ki riƙe shi ta gefe, ki kife, ki taɓa fuskarsa da saman aisin kaɗan, ki ɗago a miƙe ba tare da murzawa ba. Tudun zai ɗauki fari, kwarin ya rage ja, shi ne zanen da ake so. In kin ga fuskar ta rufe gaba ɗaya, ko kin danna da yawa ko aisin ya yi ruwa.

Na shafa, sai ya narke ya ɓace cikin kukis ɗin.

Kin yi gaggawa. Sai ya huce sarai, har ƙasansa, ko da zai ɗauki awa guda.

Awa nawa yake yi kafin ya bushe?

Ya danganta da lokaci. Da hunturu iska a bushe take, cikin awa ɗaya ya yi ƙarfi, har ma sai kin rufe kwanon aisin da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya yi ɓawo kina cikin aiki. Da damina kuwa sukari na jan danshin iska, yana iya kai awa uku ko huɗu yana danƙo. A lokacin ki ƙara masa kauri, ki kunna fanka a kai. Kada ki sa shi a firij don ya bushe, in ya fito zufa zai yi.

Ina so in yi rubutu da kaloli saboda sallah ko suna. Wannan aisin zai yi?

Don ɗigo da layi-layi zai yi. Ki raba shi, ki sa kalar abinci ɗigo ɗaya, ki zuba a leda ki huda bakin. Rubutu da fure kuwa sai aisin da ake bugawa da farin ƙwai, wanda ke bushewa da ƙarfi. Sai dai ɗanyen ƙwai ne a ciki, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, shi ya sa garin farin ƙwai da masu kayan kek ke sayarwa ya fi kwanciyar hankali, musamman in yara da masu ciki za su ci. Gaskiya dai bayan kukis ɗin ot bai dace da rubutu ba, gargada ta yi yawa. Yankakken dabino, dakakkiyar gyaɗa ko kantu da aka yayyafa kafin aisin ya bushe sun fi yi masa kyau.

Tunda ot ne, mai ciwon suga zai iya ci?

Ot kansa yana da wani harza mai narkewa da ke taimakawa wajen rage kitsen jini. Amma ki sake duba ma'aunin: sukari kofi ɗaya da rabi a kullu, kofi biyu a aisin, ga bota. Kayan zaƙi ne kamar alkaki da nakiya, haka za a ɗauke shi.

Kwana nawa yake yi bai lalace ba?

A roba mai murfi da ba ta shan iska, kwana biyar zuwa mako guda. Ki sa takardar gashi tsakanin jeri da jeri don kada su manne, kuma kada ki haɗa shi da cincin a mazubi ɗaya, danshinsa zai kashe wa cincin ƙaras ɗinsa. Ɗanyen kullun da aka mulmula kuwa yana yin wata biyu zuwa uku a firiza. Ranar da baƙi suka zo sai ki gasa shi a daskare, ki ƙara minti biyu.