Abin da Ya Sa Ƙwayar Fure Ba Ta Fitar da Dankali Irin na Uwarta

Manoman dankalin turawa a Filato sukan ga tsironsu ya yi fure fari ko shunayya, daga baya ya fitar da wasu 'ya'ya kore masu kama da ƙananan tumatir. Waɗannan 'ya'yan suna ɗauke da guba, saboda haka a hana yara tsinka su ci. A cikinsu ne ainihin ƙwayar irin dankali take, amma wanda ya shuka ta da fatan samun dankali irin na uwarta, ba lallai ne ya samu ba.

Dalili shi ne ƙwayar ta samu ne ta hanyar barbara, wato lokacin da garin fure ya sauka a kan sashen mace na furen, sau da yawa ta hanyar ƙwari. Kowace ƙwaya tana karɓar rabin gadonta daga ɓangaren uwa, rabi daga ɓangaren uba, kuma rabon ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu. Masanin kimiyya Gregor Mendel ya bayyana wannan a 1866 bayan gwaje-gwajensa a kan wani nau'in wake, inda ya nuna cewa wata siffa takan ɓuya a 'ya'ya, sannan ta sake bayyana a kusan ɗaya cikin huɗu na jikoki. Lamarin dankali ya fi haka sarƙaƙiya, domin dankalin turawa yana ɗauke da kwafi huɗu na kowane zaren gado (wato abin da ke ɗauke da halayen da ake gada a cikin jikin tsiro), dankalin Hausa kuwa shida, shi ya sa ƙwayoyin fure ɗaya kan ba da tsirrai masu bambancin launi, girma da juriya ga cuta.

Saiwa, da yaɗon dankali, da karan rogo ba sa bin wannan hanya. Ɓangare ne na jikin uwa, don haka abin da ya tsiro daga gare su uwar ce ta sake fitowa da dukan halayenta. Masu binciken iri suna amfani da hanyoyin biyu: su haɗa furannin nau'i biyu da hannu, su shuka dubban ƙwayoyi, su yi shekaru suna zaɓe, sannan su yaɗa wanda ya yi fice ta hanyar kara ko saiwa. Ta haka ne cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan da cibiyar binciken amfanin gona mai saiwa ta Umudike a jihar Abia suka samar da rogo mai launin rawaya da ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda aka fitar wa manoma a 2011.

Sai dai kara yana ɗaukar cutar uwa kamar yadda yake ɗaukar kyawunta, kuma nan ne manoma da yawa ke sakaci. Kada a yanki kara daga rogon da ganyensa ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbaren rawaya, kuma tsiron da ya fito da kansa daga ƙwaya a gona a ware shi, kada a gauraya karansa da na irin da aka sani.